Fayil ba ya tafiya da ƙafarsa

Rubutun yau da ɗan tsawo, don Allah ku daure ku kai ƙarshe. Magana ce a kan mutanen da ko waya babu a hannunsu, balle su rubuta kukansu da kansu.

Na san ba mu manta da ranar 1 ga Nuwamba, 2024 ba, ranar da aka gurfanar da yaran nan a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Duk mun ga bidiyon: yara sun rame sun ƙanjame, wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Daga Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa aka kwaso su, sun yi kusan wata 3 a tsare, aka kuma sa wa kowannensu belin naira miliyan 10. Facebook ya ɗau zafi, lauyoyi suka yi ca, ƙungiyoyi suka yi ta fitar da sanarwa. Ranar 4 ga wata Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, washegari aka miƙa su ga gwamnoninsu.

Mun yi murna, kuma abin murna ne. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, kyamara ce ta fitar da yaran nan. Dokokin da suka ba su kariya suna nan tun kafin a kama su, ba su motsa ba sai da duniya ta gani. To waɗanda kyamara ba ta taɓa haskawa ba fa?

Alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta ƙasa a 'yan shekarun nan suna nuna cewa mutum wajen 80,000 ne a tsare, kuma kusan 2 cikin kowane 3 ba a yanke musu hukunci ba. Zaman wakafi suke yi, suna jiran shari'a. A idon doka ba masu laifi ba ne, domin sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar. A iya abin da na gani kuma, wanda ya fi kowa shan wuya a wannan zama shi ne baƙo: wanda aka kama a garin da ba a jin yarensa, ba shi da dangi, ba shi da adireshi.

Mu da muke zaune a Kano ko Katsina ko Sakkwato ba mu saba kallon kanmu a matsayin 'yan tsiraru ba, domin ko'ina ka juya Hausa ake yi. Amma da zarar yaronmu ya hau bayan tirela ya sauka a Legas ko Badun ko Fatakwal ko Anacha, ya zama ɗan ƙaramar ƙabila. Shi ne ɗan acaɓa, shi ne ɗan gwangwan, shi ne mai gadi, mai yankan farce, ɗan ga-ruwa, ɗan dako a kasuwar Mile 12. Yana kwana a masallaci ko a cikin shago ko ƙarƙashin gada. Ranar da aka yi rikici a unguwa aka zo samame, shi ne na farko da hannu zai kai gare shi, don a waje yake kwana.

Ga yadda abin ke tafiya daga nan, ga wanda bai sani ba.

A caji ofis za a karɓe wayarsa, lambobin danginsa duk suna ciki, bai haddace ko ɗaya ba. Za a rubuta bayaninsa da Turanci, a ce ya dangwala. Idan tuhumar babba ce, irin fashi da makami, sai a kai shi kotun majistare wadda ba ta da hurumin sauraron shari'ar. Majistare ba abin da zai yi illa ya ce a ajiye shi a gidan yari har sai shawarar daraktan gurfanar da ƙararraki ta fito daga ma'aikatar shari'a. Shawarar ba za ta fito ba sai fayil ya bar hannun ɗan sanda mai bincike ya isa ma'aikatar. Idan aka yi wa ɗan sandan canjin wurin aiki, shi ke nan. Idan kuma tuhumar ƙarama ce aka ba da beli, sai a ce a kawo mai tsaya masa wanda ke da gida ko shago a yankin kotun, ko mai takardar shaidar biyan haraji, wani lokacin har a ce sai babban ma'aikacin gwamnati. Ina ɗan gwangwan zai samo wannan?

Abin takaicin shi ne a takarda komai na nan. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, kuma da yaren da yake ji. Ya wajabta a kai shi kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Sashe na 36 ya ba shi haƙƙin tafinta kyauta idan ba ya jin yaren da ake shari'ar da shi. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, kuma jihohi da dama suka yi irin tasu, ta ce idan mutum ba ya jin Turanci tafinta ne zai karanta masa bayaninsa kafin ya sa hannu. Ta taƙaita umarnin ajiyewa zuwa kwana 14 a karon farko, ba a sabuntawa sai an nuna dalili. Ta ɗora wa majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata ya duba waɗanda ke tsare. Har ta fayyace cewa mace za ta iya tsaya wa mutum beli.

To me ya hana? Nan ne aikina ya koya min wani abu. Shekaruna kusan 20 ina aikin gwamnati, kuma duk wanda ya taɓa neman kuɗin ƙarin girma ko haƙƙin mamaci ya san abin da zan faɗa: fayil ba ya tafiya da ƙafarsa. Teburin da aka ajiye shi, nan zai kwana, nan zai shekara. Sau da yawa ma ba mugunta ba ce. Ma'aikaci ɗaya ne da tulin fayil a gabansa, wanda mai shi ya zo ya tsaya a bakin ƙofa shi za a fara ciro wa. Ni da nake da digiri da katin shaidar aiki, sai na bi nawa ofis-ofis. Yaya ke nan ga wanda yake kulle, danginsa na nisan kilomita 1,000, kuma ba su ma san inda yake ba?

Bari in ba ku misali ɗaya da ya faru a unguwarmu. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi Kudu neman kuɗi. Yana turo mata abin cefane duk wata, kwatsam sai aka daina jin sa, waya a kashe. Wata ya wuce, watanni suka wuce. Wasu suka ce mata ta haƙura ta yi masa sadaka. Wata rana da yamma ta same ni a ƙofar gida ta ce, "Malam, ku da kuke aikin gwamnati, ba yadda za a yi a duba min ko yana raye?" Na ce, "Inna, za mu gwada, sauran na Allah ne."

Abin da muka yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Na kira wani abokin karatuna da ke aiki a can, ya haɗa ni da wani dattijo a fadar Sarkin Hausawan yankin. Dattijon ya sa yaransa suka bi gidajen yari da hoton yaron. A na biyu aka same shi. Wata 14 ya yi. An kama shi ne a samame bayan wani faɗa a bakin kasuwa. Da wata matashiyar lauya ta je wurin magatakardan kotu ta duba fayil, sai ga abin mamaki: tun a makonnin farko alƙali ya ba da belinsa. Da Turanci aka faɗa, shi bai ji ba, ba wanda ya fassara masa, ba wanda ya zo ya tsaya masa. Wani ɗan kasuwa mai shago a can ya tsaya masa, ya fito. Bayan zama 2 mai ƙara bai zo ba, kotu ta kori ƙarar. Wallahi duk abin da muka kashe, da kuɗin mota da na takardu, bai kai gudummawar da muke haɗa wa abokin aiki in zai aurar da 'ya ba.

Wata 14 na rayuwar mutum, saboda babu wanda zai je ya tambaya.

A da ba haka al'ummarmu take a Kudu ba. Unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa tun 1916, a kan tsarin mai gida ta ginu. Baƙon da ya kawo shanu ko ya zo sayen goro, wurin mai gida yake sauka. Shi zai ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi, in rigima ta taso shi zai shige gaba. Wani Bature mai nazarin al'umma, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ya rubuta littafi a kan wannan tsari a 1969. Ma'anarsa ita ce babu baƙon da ba shi da wanda ya san da zamansa. Yanzu yara ke tafiya a bayan tirela, da yawansu ba su da mai gida, ba wanda ya rubuta sunansu. Sarakunan Hausawa na Agege da Sasa da sauran zangonni suna iya ƙoƙarinsu, amma yawan ya fi ƙarfinsu, kuma shari'ar yau tana buƙatar lauya da takarda, girma da furfura kaɗai ba sa ciro fayil.

Ba wai babu masu aikin ba ne. Akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 don tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, sai dai lauyoyinta ba su kai yawan masu buƙata ba. Akwai tsarin da ke ba lauyoyi damar zuwa caji ofis su ga waɗanda aka tsare tun a ranakun farko. Akwai ƙungiyoyi irin PRAWA da Dakta Uju Agomoh ta kafa a 1994, suna wannan aiki shekara da shekaru. Babban Jojin kowace jiha yana da ikon zagaya gidajen yari ya saki waɗanda tsarewarsu ta wuce ƙa'ida, amma sai wanda aka sa sunansa a jerin da za a gabatar masa. A Nuwamba 2023 Ministan Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 da tara ce kawai ta riƙe su, da naira miliyan 585 da aka tara daga masu taimako. Ku lissafa da kanku, kan kowane mutum bai kai naira 150,000 ba. Ƙofofin suna nan. Abin da babu shi ne mutumin da zai riƙo hannun yaron da ba ya jin Turanci ya kai shi bakin ƙofar.

Kuma ba kowa ne zai iya riƙo hannun nan ba, sai wanda yaron ya yarda da shi. Wannan ko a ƙasashen da suka fi mu tsari haka yake. A Ingila, rahoton da ɗan majalisa David Lammy ya fitar a 2017 ya nuna baƙaƙen fata kashi 3 cikin 100 ne na jama'a, amma kashi 12 cikin 100 na manyan fursunoni. Cikin abubuwan da rahoton ya fi nanatawa akwai rashin yarda: da yawan 'yan tsiraru ba sa amincewa ko da lauyan da aka ba su kyauta, suna ganin shi ma na hukuma ne. Haka namu yaran suke. Lauya zai zo da kwat da Turanci, yaro ya sunkuyar da kai ya yi gum. Amma a ce wani ya yi masa sallama da Hausa ya tambaye shi, "Kai ɗan wane gari ne?", yanzu za ka ji labarin daga farko har ƙarshe.

Sai kuma rabi na biyu na aikin, wanda kusan kowa ke mantawa da shi: bayan an fito. A 2019 aka sauya sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali, sabuwar dokar ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, irin yi wa al'umma hidima. A wasu gidajen ana koyar da ɗinki da kafinta, Jami'ar Karatu daga Gida ta ƙasa ma tana da cibiyoyi a ciki, fursunoni na karatu kyauta. Duk da kyau. Amma ranar da aka buɗe ƙofa, mutum yana fitowa ne da kayan da aka kama shi da su. Babur ɗin ya tafi, jarin ya tafi, layin wayarsa an rufe. Ya dawo gida a ce "ɗan fursuna", ko da kotu ta wanke shi. Ba mai ba shi ajiyar shago, ba mai ba shi aure. Waɗanda kaɗai za su karɓe shi hannu biyu su ne abokan da ya yi a ciki. In ya koma wurinsu sai mu ce dama halinsa ne.

Shi yaron maƙwabciyar tamu, da ya dawo, makonni ya yi bai fita ko masallaci ba don kunya. Wani mai walda a bakin titinmu ne ya je har gida ya ce masa, "Gobe da safe ka same ni a shago." Bai yi masa wa'azi ba, bai tambaye shi abin da ya faru ba. Yana ba shi kuɗin abinci, ranar da bai zo ba ya aika a dubo shi. Wannan shi ne ubangida a yadda muka gada. Ba ya buƙatar ofis ko tallafin Turawa, mutum ɗaya ne ya ce wannan yaron nawa ne.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa: "Malam, ka manta da waɗanda aka yi wa ƙwacen waya aka kashe? Ka manta da masu garkuwa?" Ban manta ba. Ni ma a garin nake, ni ma ina da 'ya'ya. Ba cewa nake a buɗe ƙofa kowa ya fito ba. Cewa nake a yi shari'a. Mai laifi a yanke masa, ya san adadin shekarunsa. Marar laifi a sake shi. Kuma ku tuna, duk lokacin da aka kulle wanda bai ji ba bai gani ba aka rufe bincike, ainihin mai laifin yana nan cikinmu yana yawo. Wanda aka zalunta ma bai sami haƙƙinsa ba.

Akwai wata gaskiyar kuma da dole in faɗa, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Yadda namu suke baƙi a can, haka na wasu suke baƙi a nan. Akwai yaron Tibi ko Idoma ko Ibo da ke tsare a garuruwanmu, ana shari'arsa da Hausar da bai gama ji ba. Akwai Bafulatanin daji da Fulatanci kaɗai yake ji, ana ganin sa an riga an yanke masa hukunci a zuci. Akwai 'yan ƙananan ƙabilun Arewa da ko sunan yarensu ma'aikacin kotu bai taɓa ji ba, a ƙasar da ke da harsuna sama da 500. Babin 'yancin ɗan Adam da muke kafa hujja da shi yau, asalinsa daga tsoron ƙananan ƙabilu ya fito. Kwamitin Willink da Turawa suka kafa a 1957 don sauraron koke-kokensu shi ya ba da shawarar a sa shi a tsarin mulki. In muna so a samo wa namu tafinta a Legas, mu samo wa na wasu a Kano. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To me za mu iya yi?

Na ɗaya, duk mai ɗa ko ƙane da zai tafi Kudu, ya sa shi ya haddace lambar waya 2 da ka, ya kuma gabatar da kansa a fadar Sarkin Hausawan inda ya sauka. Ku koya masa kalma ɗaya: in an kama shi ya ce yana son tafinta, kada ya dangwala a kan abin da ba a karanta masa ba.

Na biyu, ƙungiyoyinmu na tsofaffin ɗalibai da na ci-gaban gari. Muna da lauyoyi a kusan kowane zauren WhatsApp. Ƙungiya ɗaya ta ɗauki gidan yari ɗaya, a ziyarta sau ɗaya a wata, a rubuta sunaye da lambar ƙara da ranar zaman kotu. Zumunci a ƙafa yake.

Na uku, mu ma'aikata. Mu ne muka san yaren fayil. Rubuta wasiƙar tunatarwa zuwa ma'aikatar shari'a aikin minti 20 ne a wurinmu, ga wani kuwa shekara ce ta rayuwarsa. Wanda zai tsaya beli kuma ya fara sanin yaron da danginsa, domin nauyi ne na gaske, in ya gudu kai za a nema.

Na huɗu, gwamnatocin jihohinmu. Tun Maris 2023 gyaran tsarin mulki ya ba jihohi damar shiga harkar gidajen gyaran hali, ba ta Tarayya kaɗai ba ce yanzu. Jihar da za ta iya ɗaukar nauyin kujerun Hajji za ta iya ajiye lauya 2 da tafinta a Legas da Fatakwal don 'ya'yanta.

Na biyar, masu sana'a. Mai walda, makanike, tela, mai gyaran waya: yaro ɗaya kacal. Masu hali kuma, akwai waɗanda tarar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa 2 ba ce ta riƙe su.

Duk mun san ƙissar Annabi Yusuf, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Baƙo ne a Masar, aka ɗaure shi ba da laifi ba. Abin da ya nema wurin abokin zamansa da zai fita shi ne ya ambace shi a wurin sarki. Mutumin ya manta, aka ƙara shekaru. Muna karanta wannan muna jin tausayi, alhali yau mu ne muke waje.

Wanda yake da ɗan'uwa da ya ɓace a Kudu, kada ya rubuta sunansa a nan, ya turo min ta akwatin saƙo. Ban yi alkawarin komai ba sai tambaya, amma za mu tambaya. Lauyoyi da masu jin Yarbanci ko Ibo ko Fulatanci da ke son ba da lokacinsu, ku ma ku yi min magana.

Allah Ya kuɓutar da duk wanda ke tsare bisa zalunci, Ya shiryi masu laifin cikinsu, Ya kare mu da zuri'armu daga ƙaddarar da ta fi ƙarfinmu. Amin.